Tarihin Ibn Sina da Mas'alar Rai a Cikin Barci

 

Kowane mai salla ya san halin zuciya. Mutum zai yi kabbarar harama da niyyar tsai da hankalinsa wuri guda, amma kafin ya idar da Fatiha sai ya tarar zuciyar ta je kasuwa ta komo, ta leƙa gona, ta lissafa bashi. Saboda rafkanuwa irin wannan ne Shari'a ta tanadi ƙabli da ba'di. Ta wani gefen kuma malaman fiƙihu sun ce barci mai nauyi yana warware alwala, domin hankali ya gushe. To, a farke zuciya ta ƙi tsayawa, a barci kuwa an ce hankali ya tafi. Shin tafiya ya ke yi ɗungum, ko kuwa akwai wani abu a cikin ɗan Adam wanda saninsa ba ya yankewa ko da ƙiftawar ido? Kaɗan ne daga masu ilmin zamanin da suka tsaya a kan wannan mas'ala kamar yadda Abu Aliyu Husaini ɗan Abdullahi, wanda aka fi sani da Ibn Sina, ya tsaya a kanta. Yawancin mutane da likitanci suka san shi, alhali kuwa sha'anin rai shi ne abin da ya fara rubutu a kai yana saurayi, shi ne kuma bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

An haifi Ibn Sina wajen shekara ta 370 ta Hijira, watau 980 ta Miladiyya, a wani ƙauye da a ke kira Afshana kusa da birnin Buhara, garin da Imamul Buhari ya fito, wanda yanzu ya ke cikin ƙasar Uzbekistan. Mahaifinsa mutumin Balhu ne, ma'aikacin sarakunan Samaniyawa. Abin da aka sani game da ƙuruciyarsa daga bakinsa ya fito, domin shi ya shifta wa almajirinsa Abu Ubaidu Juzjani, shi kuma almajirin ya ƙarasa sauran labarin bayan rasuwar malaminsa. Mai karanta wannan tarihi zai lura cewa tawali'u ba ya cikin kyautar da aka yi wa Ibn Sina. Ya san darajar kansa, bai kuwa ɓoye ba.

Yana da shekara 10 ya haddace Alƙur'ani. Mahaifinsa ya aika da shi wurin wani mai sayar da kayan miya don ya koyi lissafin Indiya, ya kuma karanta fiƙihu a wurin Isma'ilu Zahid. Daga nan aka saukar da wani malamin falsafa mai suna Natili a gidansu, ya fara masa ilmin mantiƙi da littafin Iƙlidis na ma'aunin fili, amma ba a daɗe ba yaron ya wuce malamin, har ya koma shi ke warware masa wuraren da suka cije. Da ya kai shekara 16 likitoci sun fara zuwa ɗaukar karatu a wurinsa. Ya ƙidaya ilmin ɗibbu cikin ilmomi marasa wuya.

Bayan wannan ne ya shiga wani hali na shekara ɗaya da rabi, wanda a cikinsa a ke ganin tushen duk abin da ya faɗa daga baya game da rai. A tsawon wannan lokaci bai yi barcin dare guda cikakke ba. Ya kan ɗauki kowace hujja ya warware ta zare-zare, yana neman maganar tsakiya wadda ke ɗaure tushen hujja da sakamakonta. In mas'ala ta gagare shi sai ya tafi masallaci ya yi salla, ya yi ta ƙanƙan da kai ga Mahalicci har a buɗe masa. Da dare ya aje fitila a gabansa ya ci gaba. In gyangyaɗi ya rinjaye shi ya kan kurɓi wani abin sha don ya farfaɗo, wanda yawancin masu tarihi suka fassara da giya, wannan kuwa yana cikin abubuwan da malamai suka zarge shi da su, kuma zargin yana kan hanya. Amma abin lura shi ne abin da ke biyo baya in barcin ya kwashe shi: mas'alolin nan da ya kwanta da su, su ne ya ke gani a mafarki, da yawa daga cikinsu kuma a cikin barcin fuskarsu ta bayyana gare shi. Saurayin da ya sha kwanciya da tambaya ya tashi da amsa, da wuya a gamsar da shi cewa barci yana kashe fitilar zuciya baki ɗaya.

Littafi guda ne ya ƙi shi, watau na Aristo a kan abin da ke bayan dabi'a. Ya karanta shi sau 40 har ya haddace, bai gane inda ya dosa ba, ya fid da rai. Ran nan yana kasuwar masu littattafai sai wani dillali ya matsa masa da wani ɗan littafi, ya ce mai shi yana cikin buƙata, dirhami 3 kawai. Ashe sharhin Farabi ne a kan manufofin wancan littafi. Da karantawa sai ƙulli ya kwance, washegari ya yi sadaka mai yawa don godiya ga Allah. Ba da jimawa ba Sarki Nuhu ɗan Mansur ya kwanta ciwo, aka kira shi cikin masu jiyya, ladansa kuwa shi ne izinin shiga ɗakin littattafan fada, inda kowane fanni ke da ɗakinsa. Ya ce da ya cika shekara 18 ya gama da ilmomin nan duka. Abin da ya ƙaru daga baya nuna ce kawai, ba sabon abu ba.

Daular Samaniyawa ta faɗi a 999, mahaifinsa kuma ya rasu ba da daɗewa ba, sai yawo ya kama shi. Ya zauna a Gurganju ta ƙasar Hawarizma, ya bi ta Nasa da Ɗusa har Jurjan, inda ya gamu da Juzjani wajen shekara ta 1012, a nan kuma ya fara babban littafinsa na likitanci, Alƙanun. Ya wuce Rayyu ya yi wa sarkinta matashi maganin ciwon baƙin rai. A cikin Alƙanun ya bayyana wata dabara da ya ce ya jarraba: in aka kawo majiyyacin da a ke zaton soyayya ce ke cinsa amma ya ƙi faɗi, sai likita ya riƙe jijiyar hannunsa, a yi ta ambaton sunayen unguwanni da gidaje da mutane, inda bugun jijiya ya sāke, nan maganar ta ke. Harshe ya yi shiru, amma zuciya tana nan tana aikinta, jiki kuma ya tona ta.

A Hamadan, cikin ƙasar Iran ta yau, ya warkar da Sarki Shamsud Daula daga ciwon murɗar ciki, aka naɗa shi waziri. Sojoji suka yi masa bore, suka washe gidansa, suka nemi a kashe shi. Ya ɓuya kwana 40, har ciwon sarki ya tashi aka nemo shi aka mai da shi kan kujerarsa. Da rana yana hidimar mulki, da dare almajirai su taru a gidansa a yi karatu. Da sarkin ya rasu a 1021 sai ya ƙi ci gaba da yi wa magajinsa aiki, ya ɓuya a gidan wani mai sayar da magunguna. A wannan maɓoya, ba littafi ko guda a gabansa, ya riƙa rubuta warƙa 50 kowace rana na littafinsa Asshifa, har ya gama mafi yawan sashen dabi'o'i da na sanin Ubangiji. A cikin sashen dabi'o'in nan ne littafinsa na rai ya ke.

Abin da ya yi a wannan mas'ala shi ne rarrabe abubuwa uku waɗanda mutane ke haɗawa su kira su tunani. Na farko shi ne tunani na haƙiƙa, watau tafiyar hankali daga abin da ya sani zuwa abin da bai sani ba, kamar alƙali yana auna shaida ko mai rabon gado yana lissafi. Wannan aiki ne, ana farawa ana gamawa, ana gajiya da shi, ba kuma kullum a ke yinsa ba. Akwai ma masu kaifin basira da kan faɗa kan amsa farat ɗaya ba tare da wannan tafiya ba.

Na biyu shi ne ƙarfin saƙe-saƙe, ɗaya daga gaɓoɓin sani biyar na ɓoye da ya lissafa a cikin ƙwaƙwalwa, bayan biyar na fili. Aikinsa haɗa surori da raba su: ya ɗauko kan wannan ya ɗora a jikin wancan, ya tashi daga abu zuwa makamancinsa ko kishiyarsa. A wurin Ibn Sina dabi'ar wannan ƙarfi ita ce motsi, ba ya zama. In hankali ya kama linzaminsa sai ya zama bawan tunani. In aka sake shi sai ya yi ta gantali, shi ne mai kai mai salla kasuwa. In barci ya rufe ido da kunne kuwa, filin ya zama nasa, daga nan mafarki ke fitowa. Har mafarkin gaskiya, a ganinsa, rai ne ke samun wata ma'ana daga sama, wannan ƙarfi ya tufatar da ita da surori, shi ya sa a ke buƙatar fassara. Wuraren da ya ba waɗannan gaɓoɓi a cikin kogunan ƙwaƙwalwa likitocin yau ba su yarda da su ba, amma sifar da ya yi wa zuciyar da ba ta hutawa babu mai musunta.

Na uku shi ne wanda ya fi ba muhimmanci, wato sanin da rai ya ke yi wa kansa. Don ya farkar da mai karatu a kansa sai ya kawo misalin da ya shahara da shi. A ƙaddara an halicci mutum yanzun nan, cikakke, da lafiyayyen hankali, amma an rufe ganinsa, yana rataye a sarari, ba ya jin ko shafar iska, gaɓoɓinsa a ware babu mai taɓa wata, ba sauti, ba wari, ba abin da ya taɓa gani balle ya tuna. Shin wannan mutum ya san akwai shi? Ibn Sina ya ce lalle ya sani, ba ya ko shakka, alhali bai san yana da hannu ko zuciya ko ƙwaƙwalwa ba, bai san tsawo ko faɗi ba. Abin da ya tabbatar, watau kansa, daban ya ke ke nan da abin da bai tabbatar ba, watau jikinsa. Wannan sani ba ta ido ya shigo ba, ba a kuma koyonsa. Ba a ma kafa masa hujja da aiki, domin wanda ya ce ya san akwai shi saboda ya yi wani aiki, ai ya riga ya sa kansa a cikin maganar tun da ya kira aikin nasa.

Asirin wasiƙun da ya ke aika wa Sarkin Isfahan, Ala'ud Daula, ya tonu, aka kama shi aka tsare a ganuwar Fardajan wata 4, inda ya ci gaba da rubutu. Daga baya ya sulale daga Hamadan cikin tufafin sufaye, shi da ɗan'uwansa da Juzjani, suka isa Isfahan wajen 1024. Nan ya sami shekarun da suka fi kwanciyar hankali a rayuwarsa. Sarki ya sa a riƙa zaman muhawara a gabansa kowane daren Juma'a. Ya kammala Asshifa, ya taƙaita shi a Annajat, ya rubuta wani da harshen Farisa saboda sarki. Wani babban littafinsa mai suna Al'insaf ya salwanta lokacin da rundunar Mas'udu na Gazna ta washe kayansa, bai kuwa sake rubuta shi ba.

A littafinsa na ƙarshe-ƙarshe, Al'isharat, ya komo kan mas'alar ya fuskanci inda ta fi wuya. Ya ce mai barci a cikin barcinsa, da mai maye a cikin mayensa, kansu ba ya ɓace musu, ko da ya ke surar wannan sani ba ta zauna a cikin abin da su ke tunawa ba. Almajiransa, musamman Bahmanyar, ba su bar shi ya huta ba. Sun riƙa aika masa tambayoyi a rubuce, aka tara su da amsoshinsu a littafin Almubahasat. Amsarsa ta tsaya a kan bambanci tsakanin sani da sanin cewa an sani. Na farkon dawwamamme ne, domin shi ne ainihin samuwar rai. Na biyun kuwa yana zuwa yana tafiya. Mutumin da ya saba da hanyar masallaci ya kan isa da asuba bai iya faɗin ta inda ya taka ba, amma ba wanda zai ce ba ya nan sa'ad da ya ke tafiyar. Wanda ya farka ya ce bai san kome ba, a wurin Ibn Sina, shaida ya ke bayarwa a kan ajiyarsa, ba a kan ransa ba.

Gaskiya ita ce misalin mutumin da ke rataye bai kai hujja yankakkiya ba. Rashin sanin jiki a wani hali ba ya tabbatar da cewa rai ba ya buƙatarsa, kamar yadda wanda ya san ruwa bai san abin da aka haɗa shi da shi ba. Shi ma Ibn Sina faɗakarwa ya kira shi, watau abin da ke juyo da mutum ga wani abu da ya riga ya sani. Amma dalilin da ya sa ya nace a fili ya ke. In rai yana sanin kansa ba da kayan jiki ba, to, rushewar jiki ba ta rushe shi, kuma wanda ya yi aiki a duniya shi ne dai zai tarar da sakamakonsa. Alƙur'ani kansa ya haɗa barci da mutuwa wuri guda a aya ta 42 ta Suratuz Zumar, inda ya yi maganar karɓar rayuka.

A nan ne kuma ya yi tuntuɓe a idon malaman Sunna. Ya ɗaukaka rai har ya rage wa jiki daraja. A Asshifa ya ce tashin jikkuna abu ne da a ke karɓa daga Shari'a, amma a wata risala tasa ya karkata ga ɗaukar sifofin Lahira a matsayin misalai. Imamu Gazali, a littafinsa Tahafutul Falasifa na wajen 1095, ya yi wa masu falsafa raddi a mas'aloli 20, ya kafirta su a 3: cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah ba Ya sanin juzu'an abubuwa ɗai-ɗai, da musun tashin jikkuna. Duk da haka Gazalin ya amfana da bayanin Ibn Sina a kan gaɓoɓin sani na ɓoye, Fahruddini Razi kuma, wanda ya rasu a 1210, ya yi wa Al'isharat sharhi, yana karɓa yana mayarwa.

An juya littafin rai zuwa Latin a Toledo ta ƙasar Andalus a ƙarni na 12, tare da Alƙanun wanda aka yi ta karantarwa a jami'o'in Turai har ƙarni na 17. A wannan ƙarni ne Dekart na Faransa ya ce rai ba ya daina tunani, Jon Lok na Ingila kuma ya musa masa a littafinsa na 1690, yana ganin abin mamaki ne a ce mutum na tunani a barci bai sani ba. Wannan ita ce tambayar da almajiran Isfahan suka riga suka yi da shekara 600 da wani abu. A 1953 masu bincike a Jami'ar Shikago ta Amurka suka gano wani mataki na barci da ido ke motsi da sauri, wanda in aka ta da mutum a cikinsa galibi ya kan ba da labarin mafarki. Daga baya aka ga har waɗanda aka tasa daga sauran matakan su kan ce suna cikin wani tunani. A 2001 kuma aka bayyana wasu sassan ƙwaƙwalwa da aikinsu ke ƙaruwa daidai lokacin da mutum ya zauna ba ya yin kome. Wannan duka ya ƙarfafa maganarsa a kan ƙarfin saƙe-saƙe. Amma sanin da rai ke yi wa kansa, na'ura ba ta auna shi, kuma halin wanda aka yi wa allurar barci a ɗakin tiyata ya fi na mai barci wuyar amsawa a bisa ra'ayinsa.

Duk wannan bayan ransa aka yi. Shi kansa bai tausaya wa jikin da ya ce ba shi ne mutum ba. Juzjani ya shaida cewa malaminsa ba ya kiyaye lafiyarsa, yana dogara da ƙarfin halittarsa. A wata tafiyar yaƙi tare da Ala'ud Daula ciwon murɗar ciki, wanda ya sha warkar da sarakuna daga gare shi, ya kama shi. Don gaggawar ya miƙe ya ɗura wa kansa magani sau 8 a yini guda, hanjinsa ya yi miki. Wani mai haɗa masa magani ya zarce awon da ya umarta, wasu barorinsa kuma da suka ci amanar dukiyarsa suka zuba masa ƙwayar afyun mai yawa. Ya ɗan farfaɗo, ya sake bin sarki zuwa Hamadan, ciwon ya dawo a hanya. Da ya ga ƙarfi ya ƙare sai ya bar magani, ya sanar da na kusa da shi cewa mai kula da jikin ya gaza kula da shi, jiyya ba ta da sauran amfani.

Masu tarihi, irin su Ibn Hallikan, sun ruwaito cewa ya yi wanka ya tuba, ya yi sadaka da abin da ya mallaka, ya mayar da haƙƙoƙin da ya sani ga masu su, ya 'yanta bayinsa, ya riƙa saukar Alƙur'ani kowane kwana 3. Ya rasu a watan Ramalan na shekara ta 428, daidai da 1037, yana da shekara 57 ko kusa da haka, aka binne shi a Hamadan, inda kabarinsa ya ke har yau.